Shekarar da Na Zaunar da Sa'idu a Benci

Duk malamin wasannin da aka turo mana sabo, tambayarsa ta farko ɗaya ce: yara nawa ne dogaye a makarantar nan? Ku ma da kuka zo ita kuka yi mini tun kafin ku ajiye jakunkunanku. Kun kalli wasan Amurka a waya, kun ga mutum ya miƙa hannu ya tura ƙwallo cikin kwando kamar mai ajiye kwano a kan kanta, sai kuka ɗauka aikin ke nan: a nemo dogo, a ba shi jesi, a hura usur. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da ƙwallon kwando a makarantar kwana ta maza da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. Ku zauna ku ji yadda aikin yake, in ya so ku tafi neman dogayenku.

Aikina na farko a filin nan ɗaura zobe ne. Zoben kwandon gabas ya karye, sai Malam Iliya, tsohon soja mutumin Kafur wanda na koyi sana'ar a hannunsa, ya aike ni Funtua da guntun ƙarfen in nemo mai walda. Mai waldan ya lanƙwasa rodi ya yi sabo, muka zo da shi da janaretansa a bayan a-kori-kura. Ƙafa goma ake so daga ƙasa zuwa bakin zobe. Tsaninmu bai kai ba, mutumin ya gaji da miƙa hannu, ya liƙa shi ƙasa da yatsa uku. Na auna, na gani, na ce babu wanda zai lura. Da Malam Iliya ya zo ko tef bai nema ba. Ya tsaya a layi ya jefa ƙwallo sau ɗaya, ya ce a yanke a sake. Ya ce yaron da ya koyi jifa a gajeren zobe, ranar da ya je Katsina hannunsa zai yi masa ƙarya, kuma ba zai san dalili ba. Ni na riƙe tsanin a kan tebur har rana ta yi tsaka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙwallo biyu na roba, famfon keke, da allurar famfo wadda ban taɓa barinta a sito ba, a aljihun gaba take kwana, domin in ta ɓace sai an je Zariya. Raga da igiyar buhu muke saƙa ta. Allon katako ne, da damina yana kumbura, ƙwallo ta doke shi ta mutu a wurin, da rani kuma ya bushe ya riƙa tofo ta da ƙarfi. Da kaka mutanen ƙauyen da ke bayan makaranta a kan simintinmu suke shanya masara da waken suya, saboda babu wani daɓe mai faɗinsa a kusa. Ba ka isa ka hana su ba, 'ya'yansu ne a ajinka. Sai dai ka jira su kwashe, ka ɗauki tsintsiya ka share filin sau biyu, domin ƙwayar masara ɗaya a ƙarƙashin kambas ta isa ta kayar da ƙato. Shekara biyu ina shara da buga famfo Malam Iliya bai ba ni usur ba. Ya ce in zauna a bakin layi in kalli ƙafafun yara da hannayensu, kan nasu kowa ma yana ganinsa.

Ba zan yi muku ƙarya a kan tsawo ba, yana da amfani. Ƙwallon da ta doki allo ta dawo, ta dogo ce in ya san inda zai tsaya. Yana tsaye ƙarƙashin kwando da hannu a sama, mai shigowa sai ya canza shawara. Kuma ko ya gaji, tsawonsa na nan. Amma dogayen da muke samu a nan yara ne da suka miƙe da sauri a kan tuwon masara, ƙashi ya riga nama. Gwiwa ba ta yi ƙwari ba, baya bai yi ƙwari ba, kafin zango na uku na wasa a cikin zafin ranar nan sun fara riƙe ƙugu. Dogo yana ɗaukar shekara biyu kafin ƙafarsa ta san inda hannunsa yake. Gajere kuwa a wata shida ka ga hasken abin. Yana jan ƙwallo ƙasa ƙasa inda dogo sai ya sunkuya, yana sace ta, yana komawa gida kafin a juyo. Matsalarsa ita ce ba a yafe masa kuskure. In ya jefa ba ta shiga ba, ta tafi ke nan, ba mai tsinto masa ita. Saboda haka gajeru biyar sai sun zama kamar mutum ɗaya, kuma wannan ba ya samuwa sai da shekaru.

Shekara uku na yi ina gina irin waɗannan biyar ɗin, bayan Malam Iliya ya yi ritaya ya bar mini filin. Kyaftin ɗinsu Sa'idu ne, ɗan wani mai gyaran keke a Bakori. Kansa bai wuce kafaɗata ba, ni kuma kun ga ba dogo ba ne. Na ɗaure masa hannun dama a baya da ɗankwalin matata har tsawon zangon karatu guda, don ya koyi ja da hagu. Na sa su zagaye gonar makaranta kullum kafin karin kumallo. Na koya musu su tare abokin karawa tun daga bakin layinsa, mutum biyu a kan mai ƙwallo, kada a bar shi ya ɗaga kai ya ga inda dogonsa yake. Sa'idu ba ya magana a fili. Gira yake ɗagawa, sauran huɗun su san inda ƙwallo za ta faɗa.

Da su muka ci gasar makarantun shiyyarmu. A wasan ƙarshe mun haɗu da wata makaranta daga ɓangaren Malumfashi mai dogaye huɗu. Da muka sauko daga mota 'yan kallo suka yi ta dariya, wani ya ɗaga murya yana tambaya ko 'yan firamare aka kawo. Zangon farko sun ci mu, duk ƙwallon da ta dawo daga allo tasu ce. Na ce wa yarana kada su yi tsalle da su, su sa su gudu kawai. Zuwa zango na uku babban dogonsu ya daina komawa gida, yana tsaye a tsakiyar fili yana haki. Muka wuce su, ba su ƙara kamo mu ba. Wannan nasarar ce ta ba mu damar zuwa Katsina, kuma ita ce ta jawo mana Alhaji Mamman.

Kafin nan sai na gaya muku yadda na sami Tanko. Ranar kasuwar Bakori na je sayen dawa, na hango wani yaro yana ɗora buhu a kan mota ba tare da ya taka taya ba. Na bi shi har ƙauyensu a bayan Kafur. Mahaifinsa, Baba Barau, dattijo ne manomi da bai bar addinin iyayensa ba, ya shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin ɗorawa, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce Tanko ne hannunsa a gona, shi yake riƙe garmar shanu, firamare ya gama ya tsaya. Na ce in ya ba ni shi zan sama masa gurbi a makaranta, ƙwallon hanya ce kawai, karatu zai samu. Ya ce ya ba ni. Takalmin da zai shiga ƙafar yaron na zagaye 'yan gwanjon Funtua ban samu ba, sai na sayi mafi girma na yanke bakinsa da reza, yatsunsa a waje. Na tsara masa shekara biyu: ta farko tsayuwa da sauka daga tsalle da inda ake ajiye hannu, ta biyu wasa. Da na samu shekara biyun nan, da gajeru huɗu da Tanko a tsakiyarsu babu mai tsayawa gabanmu a jihar nan. Wata huɗu kacal ya yi a hannuna lokacin da tafiyar Katsina ta taso.

Alhaji Mamman ɗan kasuwar hatsi ne a Funtua, shi ne shugaban ƙungiyar iyayen yara, shi ya ɗinka mana jesi, kuma bas ɗinsa ce za ta kai mu. Yana wurin ranar da aka kira yaranmu 'yan firamare, kuma abin da ya riƙe ke nan daga wasan, ba cin da muka yi ba. Saura mako biyu ya zo ofishin shugaban makaranta da samari biyu dogaye da ban taɓa gani a aji ba. Aka kira ni. Ya ce ba zai kai sunansa Katsina a yi masa dariya ba, waɗannan biyun da Tanko su za su fara, a cike da biyu daga nawa, amma ban da ɗan ƙaramin nan da kowa ke nunawa. Na ce ranka ya daɗe, ɗan ƙaramin nan shi ne mai raba ƙwallo, in babu shi ba mai kai wa dogayen. Na ce Tanko bai nuna ba, a bar mini shi zuwa baɗi. Alhaji ya juya wajen shugaban makaranta, ko kallona bai yi ba.

"Wai wannan malamin naka ne, ko kai ne nasa?"

Shugaban makaranta ya ce in fita zai neme ni. Da ya neme ni ya ce ko in yi yadda aka ce, ko a ba malamin lissafi yaran ya kai su. Kuna jiran in ce muku na ajiye usur na tafi. Ban tafi ba. Ni na rubuta sunayen biyar ɗin farko a takardar alƙalin wasa da hannuna, kuma ni na gaya wa Sa'idu a bakin mota cewa a benci zai fara. Ya ce to, Malam. Ya cire ƙyallen kyaftin daga hannunsa ya miƙo mini.

Wasan Katsina ina iya ba ku labarinsa ƙwallo bayan ƙwallo. Waɗanda muka haɗu da su suna da dogaye biyu da suka daɗe suna wasa, da gajeru uku masu kaifi, kuma kocinsu ya gane mu cikin minti biyu. Ya sa aka tare mu tun daga layinmu, irin abin da mu muke yi wa mutane. Yarana biyu suna neman wanda za su ba, dogayen uku suna can ƙarƙashin kwando sun ɗaga hannu suna jira, ƙwallo ba ta ƙetare rabin fili. Samarin Alhaji ashe ƙwallon raga suka taɓa yi, ko jan ƙwallo ba su iya ba. Tanko ya yi iya yinsa. Amma duk wanda ya shigo sai ya sauke masa hannu a ka maimakon ya tsaya a miƙe, alƙali yana hura usur. Kafin zango na uku ya ƙare laifinsa ya cika biyar aka fitar da shi. Ya zo ya zauna kusa da ni, yatsun da ke waje duk sun fashe.

A nan na daina duban inda Alhaji yake zaune. Na fitar da samarinsa, na maida biyar ɗina. Abin da Sa'idu ya yi a zangon ƙarshen nan ban ƙara ganin irinsa a filin makaranta ba. Ya sace ƙwallo a hannun kyaftin ɗinsu sau uku a jere. Mutanen da suka zo kallon wasu suka koma kiran lambarsa. Tazarar da ta yi nisa ta dawo saura kwando ɗaya. To a nan ne tsawo ya karɓi haƙƙinsa. Saura ƙasa da minti, suka jefa ba ta shiga ba, dogonsu ya tsinta a saman kan Sa'idu. Ya jefa ba ta shiga ba, ya sake tsinta. Sau uku, yarana suna tsalle a ƙarƙashinsa kamar masu neman tsinko mangwaro. A na huɗu ta shiga. Tanko, wanda aikinsa ke nan a duniya, yana benci ba dama ya shiga.

Bayan wasa wani mutum ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya ce daga wata ƙungiya yake a Kaduna. Ya tsayar da Tanko jikin bango ya auna tsayinsa, ya sa ya buɗe hannu ya auna faɗinsa, ya duba haƙoransa don sanin shekaru. Na kamo hannun Sa'idu na kai masa, na ce wannan ne ya kusa juya wasan, ai ka gani da idonka. Ya ce ya gani, yaron ya iya. Amma irinsa kowace unguwa a Kaduna akwai goma, dogo ne ba a samu. Ko sunansa bai tambaya ba. A hanyar dawowa Alhaji ya gaya wa kowa a mota cewa da na bar dogayen har ƙarshe da ba a tsinci ƙwallo a kanmu ba. Shugaban makaranta ya gyaɗa kai. Abin da aka rubuta a rahoto ke nan.

Tanko ya tafi Kaduna kafin ƙarshen zangon karatu. Na ce a bari ya gama ajin da yake, Alhaji ya ce ina yi wa yaro baƙin ciki, shi da kansa ya kai shi tasha. A can ba wanda ya koya masa sauka. Suka tsayar da shi ƙarƙashin kwando kamar turke, suna jefa masa yana turawa. A shekara ta biyu ya yi tsalle ya sauko a ƙafa ɗaya a miƙe, jijiyar gwiwa ta tsinke. Suka sa shi a mota suka aiko shi gida da leda ɗaya ta magani. Mai ɗori ya yi nasa, amma ba karaya ba ce. Na je ƙauyen da damina, lokacin huɗa. Na tarar da Baba Barau da kansa a bayan shanu, da furfurarsa, Tanko yana zaune a kan kunya ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗar iri. Dattijon ya tsayar da shanun, ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi iyali. Sannan ya ce:

"Malam, ka ce karatu za ka ba shi. Ƙafar na ga inda ta tafi. Ina karatun?"

Na ce zan nema masa komawa aji. Na nema, aka ce shekarunsa sun wuce. Yanzu yana awon hatsi a kasuwar Kafur, a zaune.

Kada ku ɗauka daga nan na zama mai hikima. Shekara shida bayan haka ban ɗauki dogo ko ɗaya ba. Yaro ya wuce ni da kai, sai in tura shi ƙwallon raga. Akwai wani daga Maska da ya yi zango biyu yana zuwa bakin fili yana tsayawa, hannunsa mai kyau, ƙafarsa mai sauƙi, na ƙi duban sa. A shekarun nan sau biyu muna kaiwa wasan ƙarshe na shiyya, sau biyu ana cin mu a ƙarƙashin allo. Yaran da suka yi gudun shekara uku suka tashi a banza saboda fushin da nake yi da wani Alhaji da ya riga ya manta da ƙwallon kwando ya koma ɗaukar nauyin 'yan dambe. Wanda ya ce muku gajeru kaɗai sun isa, bai taɓa tsayawa yana kallon ana tsintar ƙwallo a kan yaransa ba. Wanda ya ce dogaye kaɗai, bai taɓa ƙoƙarin ƙetare rabin fili da su ba. Abin da ake bukata lokaci ne, kuma shi ne abin da ba shugaban makaranta ko mai ba da mota da zai ba ku.

Sa'idu ya gama makaranta, ya je gwajin ƙungiyoyi sau uku, Kaduna da Kano da Zariya, da takardar da na rubuta masa. A na Kano, ya gaya mini, a bakin ƙofa aka ja layi a bango, wanda kansa bai kai ba ko ƙwallo ba a ba shi ya taɓa. Ya dawo ya karɓi rumfar mahaifinsa a Bakori, ya maida ita ta gyaran babur. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, sana'arsa tana tafiya.

Da ritayata ta matso na je wurinsa. Na ce filin zai zama ba kowa, waɗanda ake turowa daga waya suka koyi wasan, ya zo ko sau biyu a mako ya riƙa nuna wa yara jan ƙwallo, na yi magana da sabon shugaban makaranta za a riƙa ba shi na mai. Yana tsugune gaban wani babur ya kwance kafireto, ya tashi ya goge mini benci, ya aika aka kawo mini kunun aya. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

"Malam, Allah ya saka da alheri, kun koya mini, ban manta ba. Amma in na je me zan ce wa ɗan gajeren da ya fi kowa iyawa? Zai tambaye ni inda abin ke kaiwa, kuma ni ba zan iya yi masa ƙarya ba."

Na ce ba sai ya ce komai ba, wasan kawai zai koyar. Ya ce ai ni ma haka na yi da shi. Ya koma ya tsuguna, ya hura kafireton, ya ɗaga shi yana duba ramin a hasken rana. Mai babur ɗin yana tsaye yana jira, sai na tashi na ba su wuri.